Kintinkiri a Eriyar Bazawara

Washegarin Talatar challa, bikin shayar da Uwar Ƙasa, ina zaune a ƙofar gida ina kallon wata tururuwa da ta ɗauko gutsuren jar takarda tana ja da baya, sai ga Zenobio mijin ƙanwata Eulogia ya turo hancin akori-kurarsa cikin tsakar gidana. Motar ta sha ado: furanni a madubi, kintinkiri ta ko'ina, gutsattsarin takarda masu launi sun manne a jikinta saboda barasar da aka kwarara mata jiya don Uwar Ƙasa ta sha ta kiyaye ta. Ƙudaje na biye da ita. Bazawara muke ce mata, domin ta fita daga hannun maza da dama kafin ta zo hannunsa, kuma kowanne ya bar mata tabo.

Ya fito bai ko gaishe ni ba.

"Suruki, ta daina magana."

"Wa? Eulogia? Ai sai ka je coci ka kunna kyandir."

"Oba-oba nake nufi, Nicasio. Bar wasa. Gobe ne gwaji."

Dole na bar tururuwar, ban ga inda ta kai takardar ba.

Hanyar da ta tashi daga garinmu ta hau zuwa La Paz ba ta ɗaukar mota biyu. Dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗayan, gajimare kuma yakan sauko ya kwanta a kanta yadda ya ga dama. Shi ya sa ƙungiyar direbobi ta sa doka: kowace mota da oba-oba, kafin ka shiga kwana ka faɗi sunanka da inda kake, wanda ke tahowa ya nemi wuri ya raɓe. Alhamis ɗin bayan biki kuma Don Crisanto, mai kula da babban rediyon tasha, yana gwada motoci. Sai ka tafi can Kwanar Jaki, inda dutse ya fi tare murya, ka kira shi. In ya ji ka, kana nan a layinka. In bai ji ba, an ba wani gurbinka, ga samari nan da sababbin bas-bas suna jira baki buɗe. Bara da ƙyar Zenobio ya tsallake, har Don Crisanto ya ce ba zai ƙara kau da kai ba. Layin nan kuwa shi ne abincin gidansu. Wanda ba ya ciki ba ya lodin lemo ko kofi a tasha, ko fasinja ɗaya ba zai ɗauka ba.

Na shiga gaban motar na kunna oba-oba. Tana ji sarai, ga direbobi nan suna hawa suna sauka, wani yana tambaya ko an ga karensa. Na ɗauki abin magana na danna maɓalli. Maimakon muryata ta fita, sai waifa ta tashi a hankali ta share gilashi, hon kuma ya yi wani nishi irin na saniya mai ciwon ciki. Na saki, komai ya tsaya. Na sake dannawa, waifa ta sake ɗagowa.

Ina saurayi na yi aiki a garejin masu haƙar ma'adinai, na ga motar da fitilar cikinta ke kamawa in an taka birki. Amma motar da za ka yi wa magana ta ɗaga maka hannu, sai ranar. Na ce mata, "Sannu da gajiyar biki." Ta ɗaga hannu. Na ce, "Ya maigidan, yana kula da ke?" Ta yi nishi.

"Suruki! Za ka kashe mini batir."

"Zenobio, ka san abin da Allah ya ba ka kuwa? Daga La Paz mutane za su sauko su kalli wannan."

"Za ka gyara ko in tafi wani wuri?"

"Wane wurin? Duk makanikan garin nan suna kwance da ciwon kan barasar jiya."

Muka ɗaga bonet. Akwai wata waya mai kauri da ke fita daga batir ta kama jikin mota, ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma gida in ta gama aikinta. In hanyar ta toshe, sai wutar ta yi ta shiga gidajen mutane tana neman mafita, yau ta bi ta waifa, gobe ta hon. Na nemi inda wayar ta kama ƙarfe ban gan shi ba. Wani dunƙule ne a wurin, kamar gidan zanzaro, ya yi kore ya yi ja: busasshiyar barasa, sukari, ganyen koka, furannin shekarun baya, duk sun haɗu sun daskare. Na ɗauko wuƙa.

"Yaya, me za ka yi da wuƙar nan?"

Eulogia ce, ƙanwata, tsaye a bayana da malafarta a karkace da tukunya a ƙunshe cikin zane. Ban ji shigowarta ba. Tun tana yarinya haka take, da ka ɗauki abu mai kaifi sai ka gan ta.

"Zan kankare wannan ƙazantar."

"Ƙazanta? A nan zuciyar motar take. Tun ranar da ta shigo gidanmu a nan nake zuba wa Uwar Ƙasa rabonta. Ka taɓa jin Bazawara ta faɗa rami?"

"Bazawara ba ta gudun da zai kai ta rami."

"Ajiye wuƙar."

Na dubi Zenobio. Yana duban ƙafarsa, kamar yau ya fara ganin yana da ita.

To, wannan mai sauƙi ne. A bayan gidana akwai gawar wata kiya-kiya da kajina ke kwana a ciki. Na yanko waya mai kauri daga jikinta, na goge wani wuri a jikin injin Bazawara har ya yi fari, na ɗaura, na zagaye zuciyar da Eulogia ke shayarwa ban taɓa ta ba. Na danna maɓalli, waifa ba ta motsa ba. Na ɗan ji ba daɗi, amma ban faɗa ba.

"Tasha, tasha, Bazawara ce. Don Crisanto, kana ji?"

Tashar tana bayan coci ne kawai. Muka jira. Can sai muryarsa ta fito, a gajiye: "Wane ne yake soya ƙwai a kan layina? Ya sauka."

Zenobio ya dafe kai. Ni kuwa na fito na ɗaga ido sama, abin da ya kamata in yi tun farko. Eriyar na nan a bayan kan motar, doguwa, amma an naɗe ta tun daga tsini har gindi da wani kintinkiri mai ƙyalli, aka ja jelarsa aka ƙulle a ƙarfen bodi. Na taɓa shi da yatsa. Wannan ba na takarda ba ne irin wanda muka saba, ƙarfe-ƙarfe ne, kamar takardar cikin kwalin taba.

"Eulogia, ina kika samo wannan?"

"La Paz. Babu mai irinsa a duk tasha. Matar Fermín mai motar siminti ta kusa haɗiye harshenta da ta gani."

Na yi mata bayani yadda zan iya. Na ce murya tana hawa eriya ne don ta yi tsalle ta shiga iska. In ta hau ta tarar da ƙarfe ya rungume ta, sai ta bi shi ta gangaro ta koma jikin mota, ta yi ta zagaye a nan kamar kaza a cikin kwando. Na ce a warware shi yanzu, a mayar ranar Juma'a.

"A warware? Yaya, kai da ka girme ni? Adon challa hannu ba ya taɓa shi sai Lahadi. Hannu ko wuƙa ko almakashi. Ka manta Don Hilarión da ya cire nasa ranar Laraba don zai wanke mota?"

"Hilarión tsufa ne ya kashe shi, a kan gadonsa."

"Amma ai ya mutu."

"Eulogia, gobe za a cire mijinki daga layi."

"Gara a cire shi daga layi da a ciro shi daga kwazazzabo."

Ba wasa take yi ba, idonta har ya kawo ruwa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Zenobio ma, da na matsa masa, sai ya ce shi dai ba zai hau hanyar nan da motar da aka tuɓe wa ado ba. Ya tafi tasha ya roƙi Don Crisanto a ɗaga masa zuwa Litinin. Bai daɗe ba ya dawo. Don Crisanto ya ce damina ce, hanya ba ta jiran kowa, kuma ko uban da ya haife shi ne sai ya kira daga Kwanar Jaki ranar Alhamis.

Muka zauna a inuwar motar muna shan miyar gyaɗar da Eulogia ta kawo. Sai iska ta taso daga kogi, ta ɗauke wani kintinkirin takarda daga madubi, ta yi sama da shi yana murɗawa har ya haye rufin maƙwabta. Na bi shi da kallo. Eulogia ma ta gani, ta ci gaba da shan miyarta.

"Wancan fa? Ba ki bi shi ba."

"Wancan iska ce. Abin da iska ta ɗauka, Uwar Ƙasa ce ta karɓi abinta."

Na ajiye cokali. Zenobio ma ya ajiye nasa.

Wuri ɗaya ne miƙaƙƙe a duk ƙasarmu, tsohon filin jirgi na bakin kogi. Rabon da jirgi ya sauka a kai tun haƙorana suna cike, yanzu aladu ne ke kiwo. Nan za mu ba Bazawara wuta har iska ta karɓi kintinkirin da kanta. Eulogia ta ce za ta zo ta tsaya ta gani da idonta, kada mu taimaka wa iska da hannu.

Matsalar ita ce Bazawara ba ta san gudu ba. Zenobio yana barin kafiretonta a tsaka-tsaki, bai dace da siririyar iskar tudu ba, bai dace da iskar kwari ba, don kada ya riƙa tsayawa a hanya yana murɗawa. Shi ya sa a sama take tari, a ƙasa take kasala. Na murɗa shi ya dace da nan ƙasa. Na ciro fulogai na goge, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na cire matatar mai na busa da baki, na haɗiyi abin da ban so ba. Sannan muka kori aladu muka hau.

Zagayen farko furanni suka tafi. Na biyu kintinkiran takarda suka bi su. Na leƙa ta taga ina kallon eriya: mai ƙyallin yana kaɗawa yana fito, amma ko gezau. Eulogia ta ƙulle shi irin ƙullin da take yi wa bakin buhun kofi.

"Taka totur, Zenobio!"

"Ƙafata tana ƙasa! In na ƙara sai ta fita ta titi!"

Lagireto ya tafasa. Muka tsaya, muka jira ya huce, muka ɗebo ruwan kogi, na fasa ɗanyen ƙwai a ciki don ya toshe ɗan ramin da ke yoyo. Mutane suka fara taruwa a gefen fili da sauran kwalaben jiya. Wani ya ɗaga murya ya tambaya ko tashi muke so mu yi, ya ba mu saƙo zuwa Santa Cruz. Muka sauke taya ta safaya, muka sauke akwatin sifanu, muka sauke benci na fasinja don ta yi sauƙi. Zenobio ya dube ni kamar ni ma zai sauke ni.

Rana ta karkata lokacin da iskar yamma ta taso da ƙarfi. Muka je ƙarshen fili muka fuskance ta. Bazawara ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba, ƙofofi na rawa, sitiyari na fizge-fizge, kuma na rantse na ɗan lokaci na ji kamar ƙafafunta sun bar ƙasa. Sai na ji ƙas! Na waiwaya. Gindin eriyar ne ya karye, inda barasar shekaru ta cinye shi. Ta yi lilo a bayanmu, kintinkirin ya tsinke daga ƙarfen bodi, suka tashi tare suna walƙiya a rana, suka faɗa tsakiyar kogi. Kogin kuwa a cike yake, ja wur.

Eulogia ta iso tana haki, fuskarta cike da murna.

"Ta karɓa! Kun gani? Da kanta ta karɓa."

"Ta haɗa da eriyata, Eulogia," in ji Zenobio. Ya zauna a ƙasa ya jingina da taya.

Babu mai sayar da eriya a garinmu, sai La Paz. La Paz kuma ba a zuwa sai da oba-oba.

Da sassafe ranar Alhamis na saro gora a bakin kogi, na warware wayar tagulla daga cikin tsohon dainamon kiya-kiyar kaji. Tsayin eriya yana da ƙa'ida, na sani, amma na manta ta, ko kuma ban taɓa riƙe ta ba. Abin da na tuna shi ne wadda ta tafi ta fi Zenobio tsayi ko ya ɗaga hannu. Na tsayar da shi ya ɗaga hannu, na ƙara tsayin hularsa, na ƙara kaɗan don Allah, na yanke. Na miƙe wayar a jikin gorar, na ɗaure gorar a bayan kan motar da robar tsohuwar taya, na haɗa.

"Tasha, tasha, Bazawara ce."

"Na ji ka, Zenobio," in ji Don Crisanto. "Amma kana bayan coci. Ko taga ka buɗe ka yi tari zan ji. Je ka Kwanar Jaki. Kai kaɗai ka rage, kuma in na tashi cin abinci na rufe."

Muna murna sai ga Eulogia da kwalba. Ruwan inabi ne mai zaƙi, irin mai kauri da ake ajiye wa baƙi, da ƙunshin alewa.

"Sabon abu ba ya hawa hanya ba a shayar da shi ba."

Na haye bayan motar, da tsufana, na tuɓe hulata na rufe inda wayoyin suka haɗu, na kwanta a kai.

"Ki zuba a ƙasa. Ki zuba a taya. Ki zuba a kaina in kina so. Nan dai sai kin kashe ni."

Ta yi tsaki ta ce tun muna yara ni mai rowa ne. Ta zuba wa gorar kaɗan daga sama, ta zuba a ƙasa. Sannan ta buɗe ƙofa ta shiga gaba, ta yayyafa wa oba-oba, ta tsiyaya wa abin maganar a baki, wai don kalamansa su yi zaƙi a kunnen Don Crisanto. Kafin in sauko ta gama. Na goge shi da hannun rigata, na girgiza, na ga ba ya ɗiga, na rataye.

Muka shiga mu uku, ita a tsakiya, domin ta ce gwajin nan ba za a yi shi a bayan idonta ba. A gadar fita gari Zenobio ya ɗauki abin magana kamar yadda doka ta ce. "Bazawara ta hau hanya, tana hawa." Ya rataye. Ba wanda ya amsa. Muka ƙara gaba, ya sake kira a kwana ta farko. Shiru. Ko hirar direbobi da muka saba ji babu, ko ɗan shuu ɗin nan.

"Ta mutu," in ji Zenobio.

Na miƙa hannu zan duba, Eulogia ta buge shi.

"Taɓawarka ta isa haka. Gora! Mazan mutane da eriyar ƙarfe, nawa yana yawo da sandar kamun kifi."

"Wa ya jefa ta ƙarfen a kogi?"

"Wa ya ce a yi tsere da iska? Tsoho da kai, gemu fari, kana leƙe ta taga kamar kare."

Komawa ba ta da amfani. Muka ce wataƙila in mun hau sama za ta farfaɗo. Zenobio ya riƙa rarrafawa, yana danna hon a kowace kwana, gumi na zuba daga hularsa, domin bai san abin da ke tahowa ba. Mu kuwa ba mu fasa ba. Eulogia ta tono tun daga akuyar da na bari ta ɓace muna yara. Ni na ce da ita da Don Crisanto duk ɗaya ne, kowa ya kafe a kan abin da bai fahimta ba, shi da bai san bambancin rediyo da tandun burodi ba.

A tsakiyar haka na lura ba mu gamu da mota ko ɗaya ba. Hanya fayau. Ruwa na zubowa daga dutse yana wanke mana gilashi, wasu shuɗɗan malam-buɗe-littafi sun taru a kan laka ba abin da ya tashe su. Na ce musu, "Kun ga yau hanyar kamar tamu ce mu kaɗai?" Eulogia ta ce in rufe baki.

Ban san wace kalma ce ta fasa Zenobio ba. Mutum ne da sai ya yini bai yi jimla biyar ba, sai kawai ya bugi sitiyari.

"Ya isa! Ku duka ya isa! Na gaji da ku, na gaji da motar nan, na gaji da wancan tsohon mai shafa wa gashin baki man takalmi, wanda in rana ta take sai munsharinsa muke ji a rediyo. Su ba samarin layin! Su ba su, yaran da ko ribas ba su iya ba, in gani ko za su kai damina ɗaya! Ke kuma, tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, kunun masarar da kike dama mini kullum da safe, kin ga wancan wurin? Nan nake tsayawa in zubar. Shekara da shekaru. Dubi yadda ciyawar wurin ta ƙi fitowa."

Eulogia ta juyo ta kafe shi da ido. Ta ja numfashi daidai lokacin da muka sha Kwanar Jaki.

Bayan kwanar akwai wani fili inda hanya ta ɗan buɗe. A cike yake da motoci, akori-kura da bas da manyan motocin siminti, sun yi layi har inda ido ya ƙare. Ƙofofi a buɗe, direbobi da fasinjoji tsaye a waje, wasu zaune a kan duwatsu suna ɓare lemo. Duk suna kallonmu.

"To daga yau ka sha ruwan lagireto, munafuki!" in ji Eulogia.

Maganar ta fito daga bakinta a gefena, ta kuma fito daga gabanmu, daga cikin kowace mota a layin nan, ta bugi dutse ta dawo. Eulogia ta zabura.

"Wace ce wannan mai ƙaton baki haka?"

Motocin duka suka tambaye ta wace ce wannan mai ƙaton baki haka.

Fermín Callisaya, ƙaton direban nan mai ɗaukar siminti, ya tako a hankali ya zura hannu ta taga ya zare igiyar abin magana daga jikin oba-oba. Ashe zaƙin inabin ne ya bushe a ciki. Maɓallin waje yana shiga yana fita lafiya, amma harshensa na ciki ya manne tun kiran farko. Oba-oba kuwa in tana magana ba ta ji, kuma ba ta barin kowa ya yi.

"Sannunku da isowa, Don Zenobio," in ji Fermín. "Tun daga gada muke tare da ku. Ba wanda ya iya kira, ba wanda ya iya shiga kwana. A ƙasa ma haka suke tsaye. Doña Eulogia, ina wuni? Dattijo Nicasio, ashe kai ka ɓatar da akuyar."

Wani saurayi mai sabuwar bas ya matso yana ihu a cire shi, a cire shi yau, ya toshe hanya, ya zagi shugabanni, kuma shi ya iya ribas. Wasu suka goya masa baya. Wata mata mai kaji a kwando ta ce biyu sun suma. Zenobio bai fito ba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba.

Sai rediyoyin motocin suka yi ƙara gaba ɗaya, kowa ya kasa kunne.

"Tasha ce ke magana." Muryar Don Crisanto ce. "Zenobio Tarqui, an ji ka. An ji matarka. An ji surukinka, wanda ba ɗan ƙungiya ba ne kuma ba wanda ya tambaye shi. Doka ta ce murya ta iso daga Kwanar Jaki. Ta iso, har ta yi yawa. Kana nan a layinka."

Saurayin ya fara magana, Fermín ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya fasa.

"Amma kun tsayar da hanya. Ƙasar da ta zaftare a bayan gada, ku za ku kwashe ta, kai da surukin naka, da shebur, har sai na zo na gani. Masu saukowa su fara wucewa." Ya gyara murya. "Kuma ba man takalmi ba ne."

Eulogia ta ce in matsa. Na fita na ba ta hanya. Ta gyara malafarta, ta bi ta tsakiyar mutane kanta a sama, ta hau gaban motar Fermín ta rufe ƙofa.

Muka raɓe a jikin dutse har motocin suka gama wucewa. Kowane direba in ya zo daidai mu sai ya danna hon, wasu su tambayi Zenobio ko ya karya kumallo. Da ta ƙarshe ta wuce, ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba.

"Suruki, ina cikin layi."

"Kana ciki. Inda za ka ci abinci ne ban sani ba."

A gidana ya ci, dafaffiyar ayaba da gishiri, abin da nake da shi ke nan. A gidana ya kwana har bayan Lahadi. Ranar kasuwa ya yi lodin lemonsa a tasha, a gurbinsa, ya hau hanya da gorarsa tana rangaji. Tunda layi ba ya jira, shebur ɗin nasa ma ni ya bar wa, ni da ko keke ban mallaka ba.